Naman da Ba a Yanka Ba: Ina Aka Kwana a Kasuwancin Naman Ɗakin Gwaji?

A watan Mayun 2024 wani kantin nama a ƙasar Singafo mai suna Huber's Butchery ya fara sayar da wata 'yar leda ta daskararren naman kaza mai nauyin giram 120, a kan dalar Singafo 7.20. Labarin ya zagaya duniya, domin karon farko ke nan da mutum zai shiga kanti ya sayi naman da aka raina a tanki, ya kai gida ya dafa da hannunsa. Sai dai kamfanin da ya yi shi bai ɓoye wani abu ba, har a sunan kayan ya sa shi: GOOD Meat 3. Kashi 3 cikin 100 ne kawai na abin da ke cikin ledar ya fito daga jikin kaza, sauran furotin ne na tsirrai da kayan ɗanɗano. In aka lissafa, naman da ake ta magana a kansa bai kai giram 4 ba a ledar gaba ɗaya.

A farkon watan Mayun 2024 ɗin dai gwamnan jihar Florida a Amurka, Ron DeSantis, ya sa hannu a dokar da ta hana yin irin wannan nama ko sayar da shi a jiharsa, alhali gwamnatin tarayyar ƙasar ta halatta shi tun Yunin 2023. Italiya ta riga Florida hanawa, Isra'ila kuma ta ba da izini. Dole mai bin labarai ya rikice: wasu na cewa ƙarshen kiwo ya zo, wasu na cewa guba ce za a ɗura wa talakawa, bidiyoyin "naman roba" kuma sai yawo suke yi a WhatsApp. Kafin a ɗauki ɓangare, ya kamata a san mene ne abin, kuma nawa ne ma ake da shi a duniya.

Abin da ake nufi, da abin da ba a nufi

Jikin kowace dabba ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, wasu 'yan mitsi-mitsin tubala da ido ba ya gani sai da madubin likita. Idan saniya ta ji ciwo, wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi ne ke rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har tsokar ta cike. Masu wannan fasaha sun ɗauki wannan aiki ne suka fitar da shi daga jikin dabba. Ana ɗebo ƙwayoyin da allura daga dabba mai rai, ko daga wadda aka yanka, ko daga ƙwan da zakara ya taka. Sai a zuba su a tankin ƙarfe mai ɗumin jikin dabba, wajen digiri 37, cikin wani ruwa da ke ɗauke da sukari, gishiri, bitamin, sinadaran gina tsoka da kuma wasu sinadarai masu umartar ƙwayoyin su ci gaba da hayayyafa. Wannan ruwa, da za mu kira ruwan reno, shi ne ke tsaya musu a matsayin jini. Bayan makonni biyu zuwa takwas sai a tace a kwashe.

Abin da ake kwashewa ba ya kama da tsokar da mahauci ke ratayewa. Wani abu ne mai laushi kamar ƙullu, ba jijiya, ba ƙashi, ba kitsen da ya ratsa. Shi ya sa kusan duk abin da aka taɓa sayarwa dangin niƙaƙƙen nama ne da aka cakuɗa da kayan tsirrai don ya tsaya. Mai son ya samu yanka guda mai sala-sala sai ya kafa wa ƙwayoyin wata saƙa da za su manne su bi, kamar yadda ake kafa wa duma rumfa, kuma wannan aiki ne mai wuyar gaske.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗa shi da su. Na farko shi ne naman tsirrai irin na kamfanonin Beyond Meat da Impossible Foods, wanda ake yi da waken suya ko wasu dangin wake. Wannan ɗan'uwan awara ne da aka yi wa kwalliya, babu dabba a cikinsa ko kaɗan. Na biyu shi ne abincin da aka sauya wa tsarin gado, irin masarar TELA da aka yi ta muhawara a kanta a Nijeriya a 2024. Naman tanki ba dole ne a taɓa tsarin gadonsa ba, ko da yake wasu kamfanoni kan yi haka don ƙwayoyin su daɗe suna rarrabuwa ba su tsufa ba.

Daga tunani zuwa faranti

Tunanin ya tsufa. Tun 1931 Winston Churchill ya yi hasashen cewa wata rana za a daina kiwon kaza sukutum don kawai a ci ƙirjinta ko fiffikenta, za a riƙa rainon waɗannan sassa daban. Wani mutumin Holan, Willem van Eelen, wanda ya ɗanɗani yunwa a sansanin fursunonin Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kwashe shekaru yana bin wannan buri har ya yi rajistar mallakar fasahar a ƙarshen shekarun 1990.

Ranar da duniya ta ga abin da idonta ita ce 5 ga Agustan 2013, a Landan. Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht ya kawo curin niƙaƙƙen naman sa guda ɗaya, wanda aka harhaɗa daga siraran zaren tsoka kusan 20,000, aka soya a gaban 'yan jarida. Da ruwan wani jan tushe da ake kira bitirut aka rina shi, don asalinsa fari-fari ne. Mutum biyun da suka ɗanɗana sun ce ya yi kusa da nama amma ya bushe, saboda babu kitse. Kuɗin da aka kashe a kansa ya kai Yuro 250,000, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ya biya.

Izini daban, kasuwa daban

Singafo ce ta fara ba da izini, a Disambar 2020, ga kamfanin Eat Just na Amurka, wanda ya mallaki GOOD Meat. Dalilinta a fili yake: tsibiri ce da ke shigo da sama da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje, ba ta da filin kiwo, ba ta kuma da makiyayan da za su yi ƙorafi. A Amurka hukumomi biyu suka raba aikin: hukumar abinci da magunguna ta FDA ke duba ɗibar ƙwayoyin da rainonsu, ma'aikatar noma kuma ta karɓa daga kwashewa zuwa lakabin da za a manna. A Yunin 2023 suka sahale wa Upside Foods da GOOD Meat su sayar da kaza. Isra'ila ta amince da naman sa na Aleph Farms a Janairun 2024. Birtaniya ta fara da abincin karnuka na kamfanin Meatly, wanda ya shiga kanti a Fabrairun 2025. A 2025 ɗin kuma Ostireliya da New Zealand suka amince da naman salwar Japan na kamfanin Vow, Amurka ta ƙara da kifin salmon na Wildtype.

Jerin yana da tsawo, amma abin da ya biyo bayan izinin bai taka kara ya karya ba. A Amurka gidajen abinci biyu ne suka fara sayar da kazar, ɗaya a San Francisco ɗaya a Washinton, ga 'yan tsirarun mutanen da suka yi rajista, a 'yan ƙananan yanka, kuma ba a yi shekara ba duka biyun suka dakata. Masana'antar Upside da ke Emeryville a California an gina ta ne don ta fitar da kimanin tan 22 a shekara. Duniya kuwa tana samar da nama sama da tan miliyan 350 a duk shekara, kajin da ake yankawa kaɗai sun haura biliyan 70.

Masu zuba jari sun lura. A 2021 kuɗin da ya shiga wannan fanni ya haura dala biliyan ɗaya, a 2022 Upside ita kaɗai ta tara miliyan 400. Zuwa 2023 abin da fannin gaba ɗaya ya samu bai kai miliyan 250 ba. GOOD Meat ta sanar a 2022 cewa za ta kafa tankuna goma, kowanne mai cin lita 250,000. Ba a kafa su ba, maganar ta ƙare a kotu tsakaninta da kamfanin da zai ƙera su. Upside ta jingine babbar masana'antar da ta shirya ginawa a jihar Illinois, wasu ƙananan kamfanoni irin su SCiFi Foods kuma suka rufe.

Inda gizo ke saƙar

Me ya sa abin da aka iya yi tun 2013 ya gagara yawaita? Amsar tana cikin tanki.

Duk macen da ta taɓa kwana da nono ta san yadda kindirmo ke kamawa: ɗan tsohon kindirmo kaɗan a cikin madara, kafin safiya ƙwarya ta kama. Ƙwayoyin bakteriya ne ke wannan aiki, kuma wasu daga cikinsu kan ninka kansu cikin minti ashirin zuwa talatin. Ƙwayar halittar dabba kuwa sai ta yi kusan yini da kwana kafin ta rabu biyu. Ruwan reno kuma abinci ne mai daɗi ga kowa. Saboda haka idan bakteriya guda ɗaya ta faɗa cikin tanki, kafin ƙwayoyin naman su ninka sau ɗaya ta riga ta cika wurin, sai a zubar da komai a wanke a sake. Saniya tana da garkuwar jiki da ke yi mata wannan yaƙi dare da rana. Tanki ba shi da ita. Dole a maye gurbinta da tsabta irin ta masana'antar allurar rigakafi: tururi mai zafi, iskar da aka tace, ma'aikata cikin rigunan da suka rufe su ruf. Irin wannan tsabta ana iya biyan kuɗinta idan magani ake yi, wanda ake sayar da ɗigonsa da tsada. Nama kuwa da kilo ake sayensa.

Matsala ta biyu ita ce girma. Ƙwayar dabba ba ta da ɓawo mai tauri irin na yis, don haka idan aka juya ruwan da ƙarfi sai ta fashe, idan ba a juya ba iskar shaƙa ba za ta kai gare ta ba. Tana kuma fitar da ƙazantarta a cikin ruwan da take ci, kuma babu hanta ko ƙodar da za su tace. Da zarar ƙwayoyin sun yi yawa sai ƙazantar ta tsayar da girmansu. Duk abin da huhu, zuciya, hanta da ƙoda ke yi wa dabba a kan ciyawa da dusa, a nan sai an saye shi da inji da wutar lantarki.

Ta uku ita ce ruwan renon kansa. Shekara da shekaru masu bincike sun dogara ne da wani ruwa da ake tacewa daga jinin ɗan tayin saniya, wanda ake zuƙowa idan an yanka saniya mai ciki. Lita ɗaya takan kai ɗaruruwan daloli, ga shi kuma ya rushe hujjar cewa ba a taɓa dabba ba. A nan an samu ci gaba na gaske: Mosa Meat, kamfanin da Mark Post ya kafa da abokan aikinsa, ya wallafa hanyar reno ba tare da wannan jini ba a 2022, Singafo kuma ta amince wa GOOD Meat da irin wannan ruwa a farkon 2023. Amma sinadaran da suka maye gurbinsa su ma sai an ƙera su, kuma masana'antun da ke yin su a yau don magunguna aka gina su, ba don ciyar da birane ba.

Kan farashin da za a iya kaiwa, masana sun rabu. Wani injiniya, David Humbird, ya yi lissafi a 2021 ya ce ko an gina babbar masana'anta kilo ɗaya zai tsaya a wajen dala 37, kuma da wuya a sauko ƙasa sosai domin iyakar ta halitta ce, ba ta kuɗi ba. A 2024 Farfesa Yaakov Nahmias na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, wanda shi ma ya kafa kamfanin irin wannan nama, ya wallafa binciken da ya ƙiyasta kusan dala 14 a kilo idan ana tace ruwan ana kwasar ƙwayoyin ba tsayawa. Duka biyun lissafin takarda ne, domin babu wanda ya taɓa gudanar da masana'anta mai wannan girma. Ko an ɗauki ƙaramin adadin, abokiyar gasar ita ce kazar gidan gona, wadda ke isa yanka cikin mako shida, kuma ba ta cin kilo biyu na abinci kafin ta ƙara kilo ɗaya.

Maganar muhalli

Babbar hujjar magoya baya ita ce kiwo na cin ƙasa da ruwa, yana kuma ɗumama duniya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2013 cewa kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama yanayi daga dabbobi take, daga baya ta sauko da adadin zuwa wajen kashi 12. Wani bincike na 2011 ya ce naman tanki zai rage wannan iska da kashi 78 zuwa 96, ya rage filin da ake buƙata da kashi 99. Waɗannan alƙaluma ne aka yi ta maimaitawa shekara goma.

Binciken da ya biyo baya ya rage wa zancen armashi. Masana a Jami'ar Oxford sun nuna a 2019 cewa iskar methane da shanu ke gyatsawa tana da zafi amma takan baje cikin kimanin shekara goma sha biyu, hayaƙin gawayi da gas da masana'anta za ta ƙona kuwa yakan daɗe ɗaruruwan shekaru. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar California da ke Davis suka ce idan aka ci gaba da amfani da sinadarai masu tsabta irin ta magani, illar kilo ɗaya na iya ninka ta naman sa sau 4 zuwa 25. Kamfanonin sun mayar da martani cewa ba wanda ke shirin yin haka a babbar masana'anta.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne za a rage filin da ake ci. Sauran ya rataya ne a kan inda wutar lantarkin za ta fito, da kuma wane nama ake gwadawa da shi: cin galaba a kan sa na gidan gona abu ne mai yiwuwa, a kan kaza kuwa da wuya.

Masu hanawa da hujjojinsu

Majalisar Italiya ta zartar da dokar hani a Nuwambar 2023, da tarar da za ta iya kaiwa Yuro 60,000, bayan matsin lambar babbar ƙungiyar manoman ƙasar, Coldiretti. Hujjar gwamnati ita ce kare al'adar abincin ƙasa da lafiyar jama'a. A lokacin babu ma kamfanin da ya nemi izini a Tarayyar Turai; sai a Yulin 2024 kamfanin Gourmey na Faransa ya miƙa takardar farko. A Amurka, Alabama ta bi sahun Florida, sai Mississippi, Montana da Nebraska, yayin da Indiana da Texas suka sa hanin shekara biyu. Jihohi ne masu noma da kiwo, kuma 'yan siyasarsu ba su ɓoye cewa makiyayansu suke karewa ba.

Masu adawa da hanin na cewa hukumomin lafiya sun riga sun tantance, don haka a bar mai saye ya zaɓa. Upside ta kai Florida kotu a Agustan 2024 a kan cewa jiha ba ta da ikon toshe kasuwancin da tarayya ta buɗe. Abin lura shi ne manyan kamfanonin nama ba su tsaya gefe guda ba. Tyson da Cargill sun sa jari a Upside, JBS ta Brazil kuma ta sayi kaso mafi tsoka a wani kamfanin irin wannan nama a Sifaniya. Wannan ne ma ke ƙara wa wasu fargaba: kiwo yana hannun miliyoyin mutane, tanki da takardar mallakar fasaha kuwa suna hannun 'yan ƙalilan.

Ta fuskar lafiya, FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da rahoto a 2023 da ya lissafa abubuwa 53 da ka iya zama haɗari, ya kuma ce yawancinsu akwai su a abincin da aka saba ci, kamar gurɓata da ƙwayoyin cuta ko abin da jikin wani ba ya so. Naman da bai taɓa zama kusa da hanji ba ya tsira daga wasu cututtukan mayanka. A gefe guda, waɗanda suka taɓa cin sa ba su da yawa, kuma ba su daɗe suna ci ba, don haka hukumomi na bin kowane kaya ɗaya bayan ɗaya maimakon su ba fannin izini a dunƙule.

Halal ne ko mushe?

Ga Musulmi wannan tambaya ta riga ta farashi. Tushen maganar hadisi ne da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. A kan haka ne malaman Nahdlatul Ulama, babbar ƙungiyar Musulmin Indonesiya, suka yanke a 2021 cewa naman da aka raina daga ƙwayoyin dabba mai rai haramun ne. A Satumbar 2023 wasu malamai uku na Saudiyya da kamfanin GOOD Meat ya nemi ra'ayinsu suka ce zai iya halatta da sharuɗɗa: dabbar ta kasance wadda ake ci, a yanka ta yankan Musulunci kafin a ɗebi ƙwayoyin, kada ruwan renon ya ƙunshi jini ko giya ko wani abu na alade, kuma masana su tabbatar ba ya cutarwa. Kamfanin ya amsa cewa kazar da yake sayarwa a lokacin ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ita ma ta ba da fatawar halacci bisa sharuɗɗa a Fabrairun 2024.

Idan aka duba da kyau, fatawoyin ba su yi nisa da juna ba. Tambaya ɗaya suke amsawa, wato daga ina ƙwayar farko ta fito, kuma me aka ciyar da ita. Na alade haramun ne ko ta yaya aka yi shi. Kifi ba ya buƙatar yanka, don haka maganarsa ta fi sauƙi. Inda ake ja-in-ja shi ne ƙwayar da aka ɗebo daga ƙwai, tunda ƙwai da nono da ulu suna fita daga dabba mai rai kuma halal ne, da kuma batun istihala, wato ko abu ya canza daga asalinsa har hukuncinsa ya canza, kamar giyar da ta koma ruwan khal da kanta.

A nan akwai karo tsakanin talla da shari'a. Kamfanonin sun gina sunansu ne a kan "nama ba tare da yanka ba", don jawo masu tausayin dabbobi a Turai da Amurka. Kasuwar Musulmi, mai mutum kusan biliyan biyu, tana neman akasin haka: a yanka ko da sau ɗaya ne, a kuma iya nuna shaidar wanda ya yanka, shekaru bayan dabbar ta mutu ƙwayoyinta na ci gaba da hayayyafa. Layya da yankan suna kuwa ba su shiga wannan lissafi ba, domin ibadar a yankan take, ba a tsokar ba.

Makiyayi, mahauci da mai cefane

Mai shanu a Maigatari, Potiskum ko Illela ba shi da dalilin rage farashi saboda wannan labari. Abin da ake iya yi a yau niƙaƙƙen abu ne mai tsada, kuma ba da shi ake kilishi, balangu ko tsire ba. Tanki ba ya ba da fata ga majema, ba ya ba da ganda, ƙafar sa, kayan ciki ko ɓargo. Saniya a wurin Bafulatani nono ce, taki ce, garma ce, kuma asusu ce da ake buɗewa ranar biki ko ranar rashin lafiya. Tana kuma cin ciyawa da harawa da karan dawa, abubuwan da mutum ba ya ci, a ƙasar da wani lokaci ba ta nomuwa. Lissafin muhallin da aka yi da shanun gidan gona na Amurka, masu cin masara da waken suya, bai dace da ita kai tsaye ba. Matsalar yankinmu ma ba yawan cin nama ba ce: abin da ɗan Nijeriya ke ci a shekara, in aka raba daidai, bai kai kilo 10 ba, na Ba'amurke ya haura 100.

Yin sa a gida ma akwai nisa. Wani kamfanin Afirka ta Kudu, Mzansi Meat, ya nuna curin naman sa na farko a nahiyar a 2022, amma nuni ne, ba kasuwa ba. Tankin da dole ya zauna a digiri 37 dare da rana na makonni, wuta ba ta ƙifta ba, yana buƙatar abin da ƙasar da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200 ba ta da shi tukuna.

Idan abin zai iso, ta tashar jiragen ruwa zai iso, kuma an ga irin hanyar a baya. Bayan Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa a 2015, madarar garin da aka cire wa mai aka maye da man kwakwar manja ta ƙara cika kasuwannin Afirka ta Yamma, ana auna ta a ƙullin leda babu lakabi, mai saye na zaton madara ce zalla, mai tallar nono kuma ba ta iya gasa da farashinta. Daskararrun kajin waje sun mamaye kasuwar Ghana, a Nijeriya kuma duk da hani ana fasa-ƙwaurinsu ta iyakar Benin. Ledar Singafo mai kashi 3 cikin 100 ta nuna siffar da kayan zai fi ɗauka idan ya yi araha: gauraye, a cikin tsiran gwangwani, cikon fanke mai nama ko garin ɗanɗanon taliya, inda ido ba zai bambance ba.

A irin wannan hali, abin da zai shafi mai cefane shi ne rubutun jikin kwali: kashi nawa ne naman, daga wace dabba, wace hukuma ce ta tantance shi, wa ya ba da shaidar halal kuma da wane sharaɗi. A Nijeriya rajistar abincin da aka sarrafa da lakabinsa aikin NAFDAC ne, idan an taɓa tsarin gadon ƙwayoyin sai hukumar kula da irin waɗannan halittu da aka kafa a 2015 ta shigo, ga kuma ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka ƙirƙiro a 2024. Amurka ta raba wa hukumominta biyu wannan aiki tun 2019, shekara huɗu kafin a sayar da yanka na farko.